Mai napep ya canza hanya da ni ƙarfe 9 na dare a Gusau, wai a sauran garuruwan duniya ma haka mata ke fama?

Nas 'yar Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina so waɗanda suka taɓa zama wasu ƙasashe ko manyan garuruwa su faɗa min gaskiya, don yau kwana biyar kenan ban yi barcin kirki ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi nan cikin Gusau, shekara ta huɗu kenan. In ina dutin yamma ƙarfe 8 ya kamata in tashi, amma wanda ya san aikin asibiti ya sani, sai wadda za ta karɓe ki ta iso ki damƙa mata marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, wane an yi masa allura wance ruwanta ya kusa ƙarewa, kafin ki ankara 9 ta yi. Ranar Talata haka aka yi, na fito na tsaya bakin titi da hijabina har ƙasa a kan yunifom, na tari napep, akwai wata tsohuwa da jikanta a ciki shi ya sa ma hankalina ya kwanta na shiga. Ba mu yi nisa ba tsohuwar ta sauka. Daga nan ya fara, 'yanmata ina ne gidan, kina da aure, ba ni lambarki mana, ni dai na ce malam Tudun Wada na ce maka na ja bakina na yi shiru. Sai na ga ya gyara madubi yana kallona, can kuma ya saki babban titi ya faɗa wani lungu da ko ƙwan lantarki ɗaya babu, na ce malam ba nan ce hanya ba, ya ce yanke ne. Wlh a lokacin ji na yi ƙafafuna sun yi sanyi, na riƙe ƙarfen nan na gefe ina ta hasbunallahu a zuci, da ya rage gudu zai wuce wani rami sai kawai na diro, na faɗi kan gwiwa, takalmi ɗaya ya tsaya cikin napep ɗin, na ruga wurin wani mai shayi da na hango fitilarsa.

Wurin mai shayin akwai maza sun kai takwas zaune kan benci. Na iso ina haki, ƙafa ɗaya ba takalmi, gwiwa na jini, maganar farko da ta fito bakin ɗaya daga cikinsu ita ce "to ke me ya fito da ke da daren nan?" Ko mutum ɗaya bai miƙe ya leƙa lungun ba. Wannan tambayar har yanzu ita ke min ciwo fiye da gwiwar. Mai shayin ne, Allah ya saka masa da alheri, ya ba ni ruwa ya cire silifas ɗinsa ya ba ni, ya sa yaronsa ya raka ni har titi.

Da na isa gida Yaya ya ce aikin nan ya ƙare daga yau. Inna ba ta ce komai ba sai hawaye, don ta san tun rasuwar Baba da albashin nan ake sayen maganin hawan jininta kuma da shi ake biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu.

Tambayata biyu ce. Ina ganin bidiyo a TikTok mata na yawonsu da dare a Dubai da Madina ba mai ce musu kanzil, shin da gaske haka abin yake ko na kyamara ne kawai, kuma me suke yi a can da mu ba mu yi? Na biyu, in bar aikin ne?

Ummu, tsohuwar ɗalibar Masar:

Wa alaikissalam 'yar uwa, sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Dirowar da kika yi ita ce daidai, kada ki bari kowa ya sa ki kokwanto a kanta.

Na yi shekara shida a Alƙahira ina karatu, kuma in faɗa miki gaskiya na tafi da tunanin tunda ƙasar Musulmi ce, ga Azhar ga masallatai ko ta ina, mace za ta yi tafiyarta lafiya. Satin farko na gane ba haka ba ne. Suna da kalma musamman ta wannan abin, taharrush, wato tsangwamar mace a hanya da baki ko da hannu, kuma ba ya barin kowa, mai niƙabi an taɓa ta, mai wando an taɓa ta, mu baƙaƙe kuma namu ya ninka don ana haɗa mana da tsokanar launin fata. Sai a 2014 suka yi doka ƙarara da ta sa taharrush ya zama laifi, ɗaurin aƙalla wata shida ko tara, a 2021 kuma suka ƙara tsananta hukuncin.

Abin da ya taimake ni sosai shi ne jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, metro suke ce masa. Tarago biyu na tsakiya na mata ne zalla, akwai alama a dandamalin jira inda za ki tsaya, lokacin da nake can ɗaya daga ciki in 9 na dare ta wuce kowa na iya shiga, ɗayan kuwa na mata ne har a tashi. Cikin taragon nan duniya ce daban, wata na shayar da jariri, wata na karatun Alƙur'ani a waya, masu tallar safa da ɗankunne na ratsawa. Wata rana wani saurayi ya faɗo ciki ƙofa na rufewa, wai bai lura ba, wlh wata dattijuwa mai baƙar abaya da ledar burodi a hannu ita ta fara ɗaga murya, nan take taragon gaba ɗaya ya ɗauka, bai kai tasha ta gaba ba sai da ya manne jikin ƙofa kansa a ƙasa, ana buɗewa ya fice da gudu. Ba ɗan sanda a wurin, matan ne da kansu.

Amma fa tarago iyakarsa tasha. Kina hawowa sama ki fito titi kin dawo inda kika baro, daga tasha zuwa gidanmu tafiyar minti goma ce kuma a nan ne duk abin da ya same ni ya same ni. Ba Masar kaɗai ke ware wa mata tarago ba, Tokiyo na yi lokacin cunkoso duk da ana cewa Japan na cikin ƙasashen da suka fi zaman lafiya, birnin Meziko na yi, Dubai ma akwai ɓangaren mata da yara kuma namijin da ya shiga sai ya biya tara. Kin ga ashe ciwon ya game duniya, ba a ware wa mata wuri a garin da ba a taɓa su.

Maganar Saudiyya kuwa, na yi umara sau biyu, kewayen Harami da gaske ne ƙarfe 2 na dare za ki ga mata na tafiya su kaɗai. Ni abin da na gani da idona shi ne haske kamar rana, mutane ba sa yankewa, askarawa ko ina, ga kyamarori, kuma kowa ya san in ya yi za a kama shi. Su ma sai a 2018 suka yi dokar hana tsangwama, shekarar da aka bar mata su fara tuƙa mota, ɗauri har shekara biyu, in abin ya yi muni har biyar. Lungun da aka shiga da ke ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Ɗan Samaru:

Allah ya kiyaye gaba ƙanwata, na ji ba daɗi wallahi. Amma ni dai ina bayan Yayanki, kuma kada a ɗauka ƙin ci gaban mata nake, ni ma ina da ƙanne mata uku duk suna makaranta. Nan Zamfara ce ba Alƙahira ba, mu da muke maza ma in isha'i ta wuce akwai unguwannin bakin gari da ba mu shiga, kowa ya san halin da ake ciki. Gyaran gari ba yau ba ne ba gobe ba, ita kuwa rai ɗaya gare ta. Ko su mayar da ita dutin safe zalla ko ta haƙura, arziki na Allah ne, wanda ya ba da wannan zai ba da wani. Darajar mace ɗakinta, in ta zauna gida wa zai gan ta balle ya canza hanya da ita?

Mai napep, Gada Biyu:

Salamu alaikum. Anti nas sannu, Allah shi ƙara kiyayewa. Ni sana'ata kenan, kuma da na karanta wanga labari sai da jikina ya mutu, don yaron ga mu duka ya ɓata ma suna, gobe in mace ta tare ni da dare da wane ido za ta dube ni.

Tun ina saurayi nike kabu-kabu garin ga, ina kan mashin lokacin da anka ƙaddamar da shari'a zamanin Yarima, Oktoba 1999 anka yi taron, Janairu 2000 ta fara aiki. Lokacin an hana mu ɗaukar mata bisa mashin, anka kawo tasi na mata zalla. Niyya mai kyau ce ba ni da ja, amma motocin ba su isa ba, kuma mota ba ta shiga lungun da mashin ke shiga, sai ka ga mace da goyo da kwanon abincin asibiti ta tsaya cikin rana har ta gaji ta taka da ƙafa, sannu sannu abin ya bi ruwa. Kano ma a 2005 zamanin Shekarau sunka hana achaɓa ɗaukar mata sunka kawo keke mai ƙafa uku ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, can ne ma sunan adaidaita ya samo asali. Wato keken ga da kike tsoro yau don kare mutuncin mata anka kawo shi Kano. Ƙarfe ne kawai, wanda ke riƙe da kan shi ne magana.

Bari in gaya maki abin da ba kowa ya sani ba. Da yawa masu keken da kike gani bayan isha'i ba su ne masu keken ba. Mai keke ya yi wuni ya gaji ya samu balas ɗin mai shi, sai ya miƙa ma wani yaro makulli ya yi dare su raba, yaron ga ƙungiya ba ta san shi ba, ba shi da kati, wani ma ya sha abin da ya sha. Mu da ke layi muna da lamba rubuce jikin keke, gaba da baya, in kin kawo lamba ofishin ƙungiya cikin awa guda za a san keken wa ne da wanda anka ba. Don haka kahin ki shiga ki tsaya ki dubi lambar, ki kira gida ki faɗe ta da ƙarfi shina ji, "Yaya ga ni cikin lamba kaza". Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan, ni daɗi ma nike ji don ni ma kariya ce gare ni, mu ma ana tare mu a karɓe keke, wani abokina har yau hannunsa bai miƙe ba. Wanda ya ɓata rai don kin karanta lamba, ki sauka tun nan. Ki zauna bakin ƙofa kada ki yarda a sa ki tsakiya, in ya ɗauki maza biyu bayan ke kuma kin ga sun san juna ki ce kin iso.

Wanda ya fi duka, ku nas nas ɗin da ke tashi lokaci guda ku samu mutum ɗaya dattijo wanda anka san gidansa da matansa ku yi jinga da shi ta wata, ya zo ƙofar asibiti ya jira. Ni akwai malaman makaranta huɗu da nike ma haka shekara uku.

Mutanen bencin mai shayi kuma ba ni iya zaginsu da yawa don ni ma ina zama irin wannan benci, kuma na san yadda bakinmu yake in mace ta gitta. Amma kunya ta kama ni. Takwas, da biyu kawai sunka miƙe da tocila da yanzu an san ko wane ne.

Ummu, tsohuwar ɗalibar Masar:

Malam Ɗan Samaru, na san don tausayi ka faɗa, amma tambayarka ta ƙarshe mu 'yan Zamfara mun riga mun ga amsarta. 'Yan matan Jangebe 279 da aka kwasa a watan Fabrairun 2021 suna kwance ɗakin kwanansu aka je. Ɗaliban jami'ar tarayya da aka ɗauka a Sabon Gida a watan Satumban 2023, yawancinsu mata, ba a titi aka same su ba, cikin ɗakunansu aka fasa aka shiga. Matan ƙauyukanmu da ke gudun hijira cikin Gusau yau suna bara a shataletale, wace ce a cikinsu ta fita yawon dare?

Kuma akwai hadisin Adiyyu ɗan Hatim a Bukhari, Annabi SAW ya yi masa bushara cewa in ya yi tsawon rai zai ga mace ta taso daga garin Hira na Iraƙi a kan raƙumi har ta yi ɗawafi a Ka'aba ba ta tsoron kowa sai Allah, Adiyyu ya ce kuma ya gani. Da tafiyar mace lafiya aka auna amincin ƙasa. A Suratun Nur ma aya ta 30 maza aka fara cewa su runtse ido kafin aya ta 31 ta zo kan mata, mu kuma kullum daga ta 31 muke fara karatu.

Hajiya 'yar Kamba:

Ɗiyata sannu, Allah shi yi maki albarka da jinyar da kike ma bayin Allah. Jikata ke rubuta min, ni ina faɗa.

Na fi shekara ashirin ina fatauci, atamfa da kayan kicin, daga Kamba in ƙetara Gaya, in tahi Dosso, in tahi Yamai, wani lokaci Malanbil, sau biyu na kai har Wagadugu. Abin da ya fara ba ni mamaki Yamai shi ne mata bisa mashin nasu na kansu, mace da hijabinta da goyonta ta tada mashin ta tahi aiki ko kasuwa, Zabarmawa da Hausawa 'yan uwanmu, Musulmi irinmu masu salla da azumi, ba mai waiwayawa ya dube ta don ido ya saba. Wagadugu kuwa in danja ta tsaida mutane sai ki rasa maza sunka fi yawa ko mata. Can ma akwai 'yan iska, ba inda babu, an taɓa fizge min jaka a tasha. Amma mace mai abin hawanta ba ta shiga hannun wani balle ya ce mata yanke ne.

Ga abin da na lura da shi cikin yawona, ku riƙe shi. Duk titin da mata ke da yawa da dare, mai ƙosai na nan, mai tuwo na nan, mai fura ba ta tashi ba, wata ta fito sayen magani, to wannan titi ko ni kaɗai ina bin shi da kuɗi ɗaure a zane. Titin da babu mace ko ɗaya sai majalisar maza, nan nike jin tsoro. Garuruwanmu ana sallame isha'i mata sun ɓace, sai ɗaya tilo da lalura ta fito da ita ta zama abin kallo, kowa na tambayar mi ta fito yi. To in wagga ta bar aiki, waccan ta bari, wadda ta rage fa? Ita za ta fi kowa shiga uku.

Ɗana na Samaru, ranar da matarka za ta tashi da naƙuda ƙarfe 2 na dare, wa kake so ya karɓi haihuwar? Na san amsarka, mace kake so. To wannan macen ɗiyar wani ce, ƙanwar wani ce, kuma da ƙafa ko da keke ta zo asibitin cikin dare, ba daga sama ta faɗo ba. Ba ya yiwuwa mu ce sai mace za ta duba matanmu sannan mu ce kowa ya kulle tashi.

Kuma fitar mata don amfanin jama'a ba baƙon abu ne ƙasar ga ba. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu 1864, ta kafa 'yan taru, jajis ɗinta dattijan mata ta naɗa masu malfa, su taso daga ƙauyuka da ƙafa su da 'yan mata ƙanana su zo su ɗauki karatu su koma su koyar, cikin daji ba kwalta ba waya. Malfar nan in an gan ta an san ko su wa ne, ba mai tare su. A Islamiyya kuma an karantar da mu cewa Manzon Allah SAW ya hana zama bakin hanya, sahabbai sunka ce ba su da wurin hira sai nan, ya ce to ku ba hanya haƙƙinta, runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Mutanen benci takwas ɗin nan haƙƙi ne bisa wuyansu sunka ci, yarinya ta zo da jini sunka tsare ta da tambaya.

Lauya, Birnin Kebbi:

Sannu 'yar uwa. Na yi digiri na biyu a Indiya, bari in ƙara kan abin da Ummu ta faɗa. Ranar 16 ga Disamba 2012 wata ɗaliba 'yar shekara 23 ta shiga wata bas a Delhi da misalin ƙarfe 9 na dare, kuma ba ita kaɗai ba ce, tana tare da namiji, mazan da ke cikin bas ɗin suka doke shi suka yi mata fyaɗen da ya zama ajalinta bayan kwana 13 a wani asibiti a Singafo. Ita ma akwai masu cewa me ya fito da ita. Bambancin shi ne dubban mutane maza da mata sun cika titi sun ƙi komawa gida, a 2013 aka gyara doka, bibiyar mace da leƙenta da watsa mata asid duk suka zama laifuka masu sunansu, a watan Maris 2020 aka rataye huɗu daga cikin waɗanda suka yi mata fyaɗen. A 2019 gwamnatin Delhi ta sa mata su hau bas ɗinta kyauta, aka zuba masu tsaro a ciki. Har na baro can mata na kuka da tsangwama, ban ce an gama ba, amma yanzu mai yi ya san akwai abin da zai iya biyo baya.

Turai ma da ake ganin an gama komai, a Landan a watan Maris 2021 wata 'yar shekara 33 tana komawa gida da ƙafa wajen 9 da rabi na dare, ɗan sanda mai ci ya nuna mata katin aikinsa ya ce ya kama ta, ya tafi da ita ya kashe ta, yanzu yana ɗaurin da ba fita har mutuwa. Faransa a 2018 ta yi dokar cin tarar wanda ya tsangwami mace a titi nan take, a lokacin tarar daga Yuro 90 take farawa.

A nan gida muna da dokar VAPP ta 2015 da ta hana cin zarafin mutane, a ciki akwai bibiya da tsoratarwa da sa mutum cikin fargabar za a ji masa rauni, ba fyaɗe kaɗai ba. Ta tarayya Abuja kawai take aiki, sai kowace jiha ta yi tata, kuma yawancin jihohi sun yi. A watan Yunin 2020 gwamnoni 36 sun ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Takarda dai muna da ita. Inda muke faɗuwa shi ne daga lungu zuwa kotu, yarinya ta ji kunya, iyaye su ce a rufa asiri kada ta rasa miji, wanda aka kai wa ƙara ya fara da irin tambayar mutumin benci, sai magana ta mutu, shi kuma gobe ya ɗauki wata.

Shawarata, abin da aka yi miki laifi ne ko da bai taɓa ki ba. Ki rubuta duk abin da kika tuna yau, lokaci, inda kika hau, lungun, kamanninsa, ko akwai wani rubutu ko sitika a keken, ki ɗauki hoton gwiwar, ki je ki shigar da ƙara tare da Yayanki, ku biya ofishin 'yan napep kamar yadda malam ya ce. Sannan ku haɗu ku duka ma'aikatan ku rubuta wa mai asibitin takarda, mutum ɗaya ana iya ce masa in ba ki so ki tafi, mutum shida ba a ce musu haka. Ku nemi ko mota ko ɗakin kwana ga wadda dare ya yi wa.

Nas 'yar Tudun Wada:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Hajiya na karanta wa Inna maganarki har sau biyu, ita ta kira Yaya ta ce ya zauna ya ji. Bai ce ya yarda ba, amma ya ce Litinin da Laraba shi zai riƙa zuwa ɗaukata da mashin, sauran ranakun kuma sai ya ga mai keken da idonsa ya san gidansa. Malam na Gada Biyu dan Allah ka duba saƙo, mu biyar ne masu dutin yamma.

Takardar mun rubuta, mu bakwai muka sa hannu har da masu shara biyu da su ma sai dare suke tashi, ashe ɗaya daga cikinsu an taɓa yi mata irin wannan bara ba ta faɗa wa kowa ba sai jiya. Mai asibitin ya ce mota ba hali yanzu, amma ya ba da ɗakin da ake ajiye katifu a gyara. Ƙara kuma mun shigar ni da Yaya, lamba ce ban riƙe ba, abin da na tuna kawai labulen keken kore ne kuma ya yage ta gefen dama.

Ɗazu da la'asar muka je na mayar wa mai shayi silifas ɗinsa, na haɗa masa da sabo ya ƙi karɓa sai da Yaya ya sa baki. Ya ce tun ranar yake sa ido kan duk keken da ya shiga lungun, kuma ya yi wa mai unguwa maganar a sa fitilar sola a bakin wurin. Gobe ina dutin yamma, ku sa ni addu'a.